Yadda Muka Bi Diddigin Uban 'Yan Tsaki da Yawan Maza da Mata a Tsuntsaye Masu Waƙa

Duk wanda ya tsaya ya ga namiji da macen tsuntsu suna kai-komo da tsutsa a baki zuwa sheƙa ɗaya, zai iya rantsuwa cewa miji da mata ne da 'ya'yansu. Masana ma haka suka daɗe suna ɗauka. A 1968 David Lack ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in tsuntsaye namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Da aka fara gwajin DNA a kan tsuntsaye a 1987 sai zance ya sha bamban, har wani nazari da Griffith da Owens da Thuman suka fitar a 2002 ya nuna cewa a kusan kashi 90 na nau'o'in da aka bincika ana samun 'yan tsakin da ba mai gidan ne ubansu ba. Saboda haka ido kaɗai ba ya raba wannan gardama. Ga matakan da muka bi, ɗaya bayan ɗaya, a kan wani ƙaramin tsuntsu mai nauyin kusan giram 20, wanda namijinsa da macensa kusan kamarsu ɗaya, yana yin buɗaɗɗiyar sheƙa cikin ƙaya, yana saka ƙwai uku zuwa biyar. Na fi daɗewa a wuraren da muka yi tuntuɓe, domin a nan ne mai zuwa zai fi amfana.

Aikin ya fara ne da takardu, watanni kafin lokacin kiwo, wato lokacin da tsuntsaye ke yin sheƙa su yi 'ya'ya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Takardu uku ake buƙata, kuma jerinsu yana da muhimmanci: amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, sai lasisin kama tsuntsaye da sa musu zoben shaida a ƙafa, sai izinin masu filin da za a yi aikin. Mun fara da neman lasisin, aka ce sai mun kawo lambar amincewar kwamitin, muka koma baya. Kwamitin ba kullum yake zama ba, idan ka rasa zama ɗaya sai ka jira na gaba, kuma sau biyu ya dawo mana da fom ɗinmu. Tambayoyinsa ba na wasa ba ne: jini nawa za a ɗiba, daga wace jijiya, ɗan tsako mai kwana nawa, bayan minti nawa za a riƙa duba raga, me za a yi idan tsuntsu ya karye. Wanda ya rubuta waɗannan da lambobi tun karon farko ya huta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne lasisin sa zoben ƙarfe bai ƙunshi ɗibar jini ba, bai kuma ƙunshi zobe mai launi ba. Kowanne sai an nemi a ƙara shi daban. Sannan ba a ba da lasisin sai ƙwararre ya shaida cewa ka yi aiki a ƙarƙashinsa, ka iya fitar da tsuntsu daga raga ba tare da ka ji masa ciwo ba. Kowace ƙasa da hukumarta: a Birtaniya BTO ce, a Amurka ofishin sa zobe da ke ƙarƙashin USGS, a kudancin Afirka SAFRING. Idan kuma jinin zai tsallaka iyaka, akwai yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014, wadda ta tanadi neman yardar ƙasar da samfurin ya fito daga cikinta, da takardar miƙa samfuri tsakanin cibiyoyin biyu. Wannan ta fi kowace cin lokaci, kuma ita ce aka fi mantawa da ita sai jini ya taru a firiza.

Lokacin jiran bai tafi a banza ba, a cikinsa muka zauna muka tsayar da abin da za mu ƙirga, domin "yawan maza da mata" ba abu ɗaya ba ne. Akwai rabonsu a cikin ƙwai lokacin da aka saka shi, akwai rabonsu ranar ƙyanƙyashewa, akwai na ranar barin sheƙa, akwai na manya baligai, akwai kuma na waɗanda suke shirye su yi barbara a daidai wani lokaci, wanda Emlen da Oring suka ja hankali a kansa a 1977. Kowanne da yadda ake auna shi. A yawancin tsuntsaye rabon cikin ƙwai yana kusa da rabi da rabi, kamar yadda lissafin Fisher na 1930 ya yi hasashe, amma idan aka zo ga manya sai maza su rinjaya. Paul Donald ya tattara ƙididdigar da aka buga a 2007, ya ga a matsakaici maza sun fi mata da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma babban dalilin shi ne mata sun fi mutuwa: su ke kwanci a kan ƙwai inda maciji da shaho ke samunsu, su ne kuma suka fi yin nisa daga inda aka ƙyanƙyashe su. Wanda ya haɗa waɗannan ƙididdiga a kwando ɗaya zai fitar da lambar da ba ta nufin komai.

Da tsuntsaye suka fara kama yankuna muka kafa raga. Mun yi amfani da mai tsawon mita 12, idonta milimita 16, muna buɗe ta tun kafin fitowar rana, muna zagayawa duk bayan minti 20 zuwa 30, muna naɗe ta da zarar rana ta yi zafi ko iska ta taso ko an fara yayyafi. A makon farko mun sa lasifika kusa da ragar tana rera waƙar namiji, kamun ya yi kyau ƙwarai, sai dai kusan duk abin da ya faɗa maza ne, don mai yanki ne ke tasowa ya kori baƙon da ya ji. Da mun ɗauki wannan a matsayin ƙidaya, da mun ba da rahoton cewa mata sun kusa ƙarewa. Ko ba lasifika ma raga tana son kai: lokacin kwanci mace tana zaune, namiji ne ke yawo. Daga nan muka raba littafin kamu gida biyu, kamun da aka yi da waƙa don sa zobe kawai, kamun da aka yi shiru a wuri ɗaya da sa'o'i iri ɗaya shi ne na lissafi. A hannu, ana gane mace da fatar cikinta da gashi ya zube ta yi taushi da jijiyoyi don ɗumama ƙwai, namiji kuma da kumburin duburarsa inda maniyyi ke taruwa. Amma waɗannan alamu na lokacin kiwo ne kaɗai, kuma a wasu nau'o'in namiji ma yana ɗan zubar da gashin ciki. Tsawon fiffike yana taimakawa, sai dai akwai tsaka-tsakin da manyan mata da ƙananan maza suke haɗuwa. Duk wanda muka yi shakka a kansa mun rubuta "ba a tantance ba", muka bar wa jini hukunci.

Kowane babba ya samu zoben ƙarfe mai lamba da zobba uku na roba masu launi, biyu-biyu a kowace ƙafa, ana karantawa daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kuma kowa a cikin ayarin dole ya karanta haka. Launuka suna kodewa a rana: ja ya koma ruwan hoda, shuɗi mai haske ya yi kama da fari, baƙi da shuɗi mai duhu ba sa rabuwa a inuwa. Kada a sa irin waɗannan tagwaye a kan maƙwabta. Akwai kuma wani abin lura da Nancy Burley ta gano tun shekarun 1980 a kan wani ɗan tsuntsun Ostireliya mai jan baki da ake kiwo a keji: mata sun fi son mazan da aka sa wa jan zobe, sun guji masu kore. Wato zoben da ka sa don ka gane tsuntsu yana iya sauya abin da ka zo aunawa. Mun guji launin da ya yi kama da adon jikin tsuntsunmu, sauran kuma muka raba su ta hanyar ƙuri'a.

Neman sheƙa shi ne aikin da ya fi cin ƙafa da haƙuri. Hanya mafi sauƙi ita ce bin mace mai ɗauke da ciyawa a baki, don idan aka samu sheƙa tun tana gini za a san ranar ƙwan farko. Wannan rana ita ce ginshiƙin komai. Tsuntsaye masu waƙa suna saka ƙwai ɗaya kowace safiya, mace tana iya ajiye maniyyi a jikinta na kwanaki, don haka lokacin da barbara ke iya zama ɗa yana farawa kwanaki kafin ƙwan farko, ya ƙare ranar da ta saka na kusa da ƙarshe. A waɗannan kwanaki ne za ka ga namiji ya manne mata, ta tashi ya tashi, ta sauka ya sauka. Mun riƙa sa wa kowane ƙwai lamba ranar da aka saka shi, muna ziyarar a gurguje, ba ma bin hanya ɗaya kullum, don sawun mutum yana nuna wa maɓarnata hanya. Sai zaman kallo: sa'a guda a kowace sheƙa, daga nesa da madubin hange, aƙalla sau biyu bayan ƙyanƙyashewa, ana rubuta duk wanda ya kawo abinci. Kada a yanke cewa namijin da ke waƙa kusa da sheƙa shi ne mai ita. Aikin Nick Davies a lambun tsirrai na Jami'ar Kambirij a kan tsuntsun da ake kira dunnock ya nuna a fili ɗaya ana samun namiji ɗaya da mace ɗaya, da mace ɗaya da maza biyu, da namiji ɗaya da mata biyu, da maza biyu da mata biyu ko fiye, kuma namiji yana ciyar da 'yan tsaki gwargwadon damar barbarar da ya samu. Mu ma sai a zaman kallo na biyu muka gane cewa wasu sheƙu biyu da muka rubuta wa maza daban-daban namiji ɗaya ne ke zagaya su, ta farkon yana taimaka mata sosai, ta biyun sai jefi-jefi. Akwai kuma mazan da ba su da yanki, ba sa waƙa, suna raɓe-raɓe a gefe. Ƙidayar da aka yi da kunne ba ta ganinsu ko kaɗan, alhali suna cikin lissafin manya, wani lokaci ma suna cikin iyaye.

Ɗibar jini ba ta da wuya idan hannu ya saba. Jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu suna ɗauke da DNA, saɓanin na mutum, shi ya sa ɗigo ɗaya ya wadatar. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki. Ɗan tsako mai giram 8 iyakarsa maikrolita 80 ke nan (maikrolita dubu ne mililita ɗaya), mu kuwa 10 zuwa 20 muke ɗauka. Ana buɗe fiffike, a jiƙa gashin gwiwarsa da ɗan ruwa har jijiya ta fito, a tsaga ta da bakin allura mai lamba 26 ko 27, a tsotse ɗigon da siririn bututun gilashi, a danna auduga har jinin ya tsaya. Bututun ya zama marar sinadarin hefarin mai hana jini daskarewa, don hefarin yana hana gwajin PCR, wato ninka guntun DNA a na'ura, tafiya. Sai a hura jinin cikin ƙaramar kwalba mai itanol, wato barasar ɗakin gwaji, kashi 95 ko sama da haka, a girgiza don kada ya dunƙule. Zaɓen lokacin ɗibar ne ke da rikici. Idan aka jira 'yan tsaki su kai kwana bakwai ko takwas, lokacin da ƙafa ke iya riƙe zobe, to wasu sheƙun an riga an cinye su, wasu kuma ƙaramin cikinsu ya mutu iyaye sun jefar. Idan kuma aka wuce haka, taɓa sheƙa kaɗai yana sa su watse kafin su iya tashi. Bayan asarar da muka yi a zagayen farko sai muka koma ɗibar ɗan ɗigo tun suna kwana biyu ko uku, muna shaida kowanne da alƙalami marar guba a ƙafa, muna sabunta shaidar duk kwana biyu har ranar zobe. Mataccen ɗan tsako ba a jefar da shi, ana yankar ɗan nama a sa a itanol. Ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba a ba shi kwana uku ko huɗu bayan na ƙarshe ya fito, sannan a fasa. Idan akwai ɗan tayi a bayyane a ɗauka, idan babu a bar shi, domin abin da za a kankaro daga ɓawon na uwar ne, kuma gwaji zai ce mace. Wani ƙaramin abu da ya jawo mana babbar asara: itanol yana wanke tawadar alƙalami. Kwalba ɗaya ta yi yoyo a cikin akwati, lambobin maƙwabtanta suka goge, jinin yana nan lafiya amma ba a san na wa ba ne. Tun daga ranar muke rubuta lambar zobe da fensir a ƙyallen takarda, mu jefa cikin kwalbar kanta.

Jigilar samfuri ma da sharaɗinta, don kamfanonin jiragen sama suna lissafa itanol cikin kaya masu kama wuta. Wanda zai yi tafiya mai nisa gara ya ɗiga jinin a katin FTA, wata takarda mai adana DNA, ya bushe, ko ya sa shi a ruwan adana jini marar kama wuta.

A ɗakin gwaje-gwaje mun jira layin na'ura na makonni, sannan aka fara da tantance jinsi. A tsuntsaye mace ce ke da kuromosom (ƙunshin DNA) na jinsi iri biyu, Z da W, namiji kuma Z biyu, wato ƙwan uwa ne ke yanke jinsin ɗa. Akwai wani ƙwayar gado mai suna CHD da ke kan Z da W duka, amma tsawonsa ya bambanta. Ana ninka shi da PCR, a zuba a jel, wani daskararren abu mai jera guntayen DNA bisa tsawonsu, namiji ya fito da layi ɗaya, mace da biyu. Mun fara da firaimomi, wato 'yan guntayen DNA da ke nuna wa PCR inda zai ninka, masu suna P2 da P8 da Griffiths da abokan aikinsa suka wallafa a 1998. Jel ɗin farko ya nuna kowa namiji, har da matan da muka kama a kan ƙwai. Ba wani abin al'ajabi ba ne: a ƙananan tsuntsaye tazarar layukan biyu kaɗan ce, jel mai kaurin kashi ɗaya cikin ɗari ba ya raba su. Da muka koma kashi uku, muka bar shi ya daɗe yana gudu, sai layi na biyu ya bayyana. Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari don ba ta da hayaniya. Da waɗannan firaimomi guntun W ne ya fi tsawo, idan DNA ya lalace ko ya yi kaɗan shi ke fara ɓacewa, sai mace ta fito a namiji. Kuskuren gefe ɗaya yake bi kullum, kuma ya fi afka wa samfurin matattun 'yan tsaki da na ƙwai, har mutum ya soma rubuta cewa maza sun fi mutuwa. Maganinsa shi ne a sa sanannen namiji da sananniyar mace da ramin da babu DNA a kowane faranti, a maimaita duk samfurin da ya raunana, a kuma sake gwada wani kaso da firaimomin 2550F da 2718R na Fridolfsson da Ellegren na 1999, inda guntun W ne gajere. A bar itanol ya bushe sarai kafin a fara tatsar DNA, kuma idan PCR ya ƙi, a gwada tsarma samfurin kafin a zargi na'ura, don jinin tsuntsu yawa yake yi, ba kaɗan ba.

Gwajin uba ne ya fi cin kuɗi, kuma maimaici ne ke cinye kasafin, don haka a ware masa kaso tun farko. Mun duba gurabe 12 na maikrosatalait a kowane tsuntsu, wato wuraren DNA da suka bambanta daga tsuntsu zuwa tsuntsu, inda ɗa ke gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kafin a taɓa 'yan tsaki an fara gwada guraben a kan manya, aka zubar da biyu: ɗaya yana kan Z, duk mata suna fitowa da kwafi ɗaya, ɗayan kuma yana da kwafin da ba ya ninkuwa, wanda ke sa uba na gaskiya ya yi kamar bai dace da ɗansa ba. Ana fara gwada ɗan tsako da uwa, don wani lokaci wata mace ce ta saka ƙwai a sheƙar da ba tata ba. Sannan a gwada da mai gida. Saɓani a gurbi ɗaya ba hujja ba ne, yana iya zama kuskuren karatu ko sauyin gado. Sai biyu ko fiye muke cire shi. Cire mai gida abu ne mai sauƙi, gano wanda ya haifa shi ne aiki. Manhajar Cervus, mai lissafin wane ne uba, tana tambayar kaso nawa na mazan yankin ka ɗebi jininsu, kuma idan ka cika baki a nan za ta ba ka uba da tabbacin da bai cancanta ba, musamman inda 'yan'uwa suke maƙwabtaka. Yawancin iyayen da muka gano maƙwabta ne na kusa, waɗanda kuma muka kasa ganowa sun taru a sheƙun bakin fili, inda maƙwabcin yake waje da iyakarmu. Da mun sani, da mun kama mazan da ke kewaye da filin har zurfin yanki biyu. Kada kuma a yi tsammanin abin da aka gani da rana zai yi daidai da sakamakon. A wani ɗan shuɗin tsuntsu na Ostireliya, inda binciken 1994 ya samu kashi 76 na 'yan tsaki ba na mazan gidan ba ne, sai da aka maƙala wa mata na'urar bin sawu aka gane cewa kafin asuba suke fita, su je wurin namijin da suka zaɓa su dawo.

Lissafi ne matakin ƙarshe, kuma a nan zuciya ta fi yaudarar mutum. Sheƙa mai 'yan tsaki huɗu duk maza tana ɗaukar ido, amma ko da rabon rabi da rabi ne, ɗaya cikin sheƙu 16 haka za ta fito, ɗaya cikin takwas kuma za ta zama jinsi ɗaya zalla. Da 'yan tsaki 100, kuskuren ƙiyasi yana kai maki 10 sama ko ƙasa, wato maza 57 ba su nuna komai ba. Sai an kai 400 yake sauka zuwa maki biyar. 'Yan sheƙa ɗaya kuma ba a ƙirga su kamar baƙin juna, dole a sa sheƙa ko uwa a cikin tsarin lissafin, musamman idan mace ɗaya ta yi kiwo sau biyu. Mun so mu zubar da sheƙun da wani ya mutu a ciki don mu samu "cikakku", sai muka lura cewa hakan ma son kai ne: idan jinsi ɗaya ya fi mutuwa, sheƙun da suka tsira cif su ne waɗanda ɗaya jinsin ya yi yawa a ciki. Mun bar su duka, muka nuna adadin da ba a tantance ba. Gaskiya ne akwai inda uwa ke karkatar da jinsin ƙwai sosai. Komdeur ya nuna a 1997 cewa wani tsuntsun tsibiran Seshel, inda 'ya'ya mata ke zama su taya iyaye reno, yana haifar maza kashi 77 a yanki marar abinci, kashi 13 kacal a yanki mai albarka. Amma irin wannan ba kasafai ake samunsa ba, kuma shekara guda ba ta isa a yi da'awar an same shi.

Rabon manya shi ne muka fi jinkirin furtawa. Kafin a ce maza sun fi yawa sai an san yiwuwar sake ganin namiji da ta mace, kowanne daban, daga tarihin kamu da sake gani na masu zobe. Mace da ba a gani ba bana ba lallai ta mutu ba, ƙila sheƙarta ta lalace ta koma wani fili, abin da mata suka fi maza yi. Mun tsara zagayen duba zobba na mako-mako, har da wata ɗaya bayan kiwo ya ƙare da kuma kewayen filin, kuma sai a lokacin kiwo na biyu, da wasu matan da muka rubuta sun ɓace suka sake bayyana da zobbansu, muka samu lambar da za mu iya sa hannu a kanta.